Garin Tafi-da-gidanka

Shekara 31 babana ya yi yana kwana ƙarƙashin mota. Direban kamiyo ne, daga Kwatano zuwa Damagaram, daga Damagaram zuwa Agadas da Arlit, wata sa'a har Dirku. Tabarma ɗaya gare shi da bargo ɗaya, kullum suna naɗe bayan kujera, sai ɗan murhun waya na shayi da ke rataye a gefe. Inda dare ya riske shi, nan ne gida. Kuma duk wahalar nan don abu ɗaya ya sha ta: ya samu fili na kansa, ya kewaye, ya gina ɗaki huɗu na bulo, ya huta da sallamar mai haya a ƙarshen wata. Na tashi ina kallon gidan nan yana girma kamar yaro mai tamowa. Bana a ɗora layi biyar, baɗi a sa taga, sai a yi shekara biyu ba a taɓa shi ba saboda an yi jinya ko an aurar da wata. Ranar da na bar ƙasar, ɗaki biyu ne ke da tol, biyu suna kallon sama.

Da wannan idon na je na ga mutanen da suka sayar da gida suka sayi mota don su kwana a ciki.

A ƙarshen 2022 na samu sitaj na wata shida a wata jami'a da ke Tucson, jihar Arizona, a kudu maso yammacin Amurka. Karatuna kan ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, kuma wanda ya tashi a Damagaram ya san dalilin da zai sa mutum ya zaɓi wannan fanni. Sati uku da isata aka yi wata ƴar walima ta ɗalibai baƙi, kowa da takarda manne a ƙirji mai sunansa da ƙasarsa. Ina tsaye gefe, na gaji da bayyana wa mutane cewa Nijar daban Nijeriya daban, sai na ji murya a bayana:

"Kai yaro! Ina gajiya? Ƙaƙa mutanen gida? Ɗan wane gari ne kai?"

Na juya, sai ga wani dogon tsoho Bature, gemu fari fat, yana dariya har da ƙwalla. Hausar da ya yi mini, rabona da jin irinta tun rasuwar kakata ta wajen uwa. "Munka tahi", "anka hwaɗi", "mi kake so". Ashe a farkon shekarun 1970 ya zauna a wani ƙauye kusa da Tasawa, cikin samarin nan na Peace Corps da Amurka ta riƙa turowa Nijar daga 1962 har 2011. Aikinsa ginin rijiyar siminti, kuma zamansa ya faɗo daidai da babban farin nan da ya ƙarar da dabbobi. Mutanen ƙauyen Mai Rijiya suke ce masa. Ni dai Baba na ce masa tun ranar, matarsa kuma Inna, don bakina ba zai iya kiran sa'an kakana da sunan yanka ba, ko da shi ya roƙa. Ya kuwa roƙa.

Da za mu rabu na ce, "Baba, a wace unguwa kuke, in zo gaisuwa?" Ya ja hannuna zuwa taga, ya nuna filin ajiye motoci. "Ga gidan can. Wanga hwari mai tsani a baya."

Faransawa suna ce mata kampin-kar, Amurkawa kuma RV. Mu da muke kiran salula wayar tafi-da-gidanka, aron suna muka yi, ga mai sunan na gaskiya. Tasu ba ta cikin manya, tsawonta bai wuce mita 8 ba. Gabanta kan ƙaramar kamiyo ne, bayanta kuwa ɗaki da falo: gado can a ƙurya, tebur da benci biyu, murhun gaz, firigo, ban ɗakin da ba ka iya miƙa hannu biyu a ciki, sai wani gado a sama daidai bisa kan direba, wanda sai da tsani ake hawa, kuma ba a zama a kansa sai kwanciya. A rufi akwai pano uku na hasken rana. A ƙasa tanki uku: na ruwa mai kyau lita 150, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Shekara shida ke nan da suka sayar da gidansu a Minnesota, can kan iyaka da Kanada inda ƙanƙara ke toshe ƙofa, suka raba wa ƴaƴa kaya, abin da ya rage suka zuba a nan. Da zafi su haura arewa, da sanyi su gangaro kudu. Na ce wa Baba mu cin rani muke ce wa wannan, sai dai namu talaka ke yin sa don neman abin sawa a bakin salati. Ya ce, "Jira dai ka gani. Namu ma da talakka a ciki."

Inna kuwa tun ranar farko na lura da ita. Sau huɗu ta tambayi sunana kafin shayi ya huce, kowane karo da fara'ar wanda ya sadu da baƙo sabo. Malamar firamare ce a da. Ciwon mantuwa ne ya kama ta, irin na tsufa wanda ba ya komawa baya. Ƴarsu ta fari tana so a kai ta gidan kula da tsofaffi, ta kuma karɓi makullin motar daga hannun uban. Shi kuwa ya kafe. Hujjarsa ita ce, a cikin motar nan Inna ta san inda kowane cokali yake, taku biyar daga gado zuwa ƙofa, ba inda za ta ɓace. Ban ce komai ba. Wa ya aike ni shiga tsakanin uba da ƴarsa?

A watan Janairu ya kira ni ya ce akwai taron masu irin motarsu a wani gari Quartzsite, in ina da hutun sati in zo in ga garin da babu shi da bazara. Bai ɓoye mini ba, ya ce yana bukatar ido na biyu a kan Inna. Na amsa.

Tafiyar kusan kilomita 400 ce, ta Phoenix, a kan babbar hanya mai lamba 10. Baba ba ya wuce 90, manyan tireloli suna wuce mu motar na girgiza, kwanoni na kaɗawa a cikin kabad. Ni ɗan direba, abin da na fara lissafawa shi ne mai: wajen lita 25 take sha a kilomita 100. Na yi shiru da bakina. Ƙasar kuwa kamar ka bar Tanut ka nufi Agadas, tsakuwa da duwatsu masu launin toka, sai dai nan akwai wasu dogayen itatuwa masu ƙaya, ba ganye, tsaye da hannuwa sama kamar waɗanda ƴan fashi suka tare. Inna na gaba tana karanta kowane allon hanya da ƙarfi, harafi harafi, kamar tana gaban aji.

Da la'asar muka gangaro daga wani tudu, sai fili ya buɗe. Wallahi na ɗauka gishiri ne aka shanya. Fari, fari, fari, tun daga bakin hanya har gindin duwatsu, motoci dubun dubata a warwatse cikin hamada. Abin da ya fara zo mini shi ne hoton Mina da ke rataye a ɗakin kakana. Na biyu kuwa, wanda na ji kunyarsa, shi ne bukkokin ƴan gudun hijira da na gani a bakin hanyar Diffa. Ainihin garin ƙarami ne, ƙidayar 2020 ba ta samu mutum 2,500 a cikinsa ba, kuma da bazara zafi na haura digiri 45, kowa ya tsere sai wanda ba shi da yadda zai yi. Asalinsa ma rijiya ce da zango na kekunan doki a shekarun 1860. Da na ji haka na ce to, garin namu ne, duk inda ka ga gari a hamada ka tono za ka iske rijiya a gindinsa. Tun shekarun 1960 ake cin kasuwar duwatsun ado a nan da sanyi, daga baya aka ƙara da wata makekiyar rumfa da ake kafawa duk ƙarshen Janairu, inda ake sayar da duk abin da mai motar gida zai nema, daga batir har tsintsiya.

Filin da ke kewaye da garin na gwamnatin tarayya ne. Akwai wuraren da za ka yi kwana 14 kyauta. Akwai kuma inda za ka biya ka zauna tun 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu, a lokacin da na je kuɗinsa dala 180. Dalar Amurka fa nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba, wato kusan jaka 110 a wata bakwai, tare da famfo, wurin zuba shara da wurin juye tanki. Ba a yanka fili, ba mai unguwa, inda ka ga dama nan za ka tsaya. Amma abin da ya ba ni dariya, da mutum ya kashe mota sai ya fito ya fara tsintar duwatsu yana jera su kewaye da wurinsa, har da ƴar ƙofa da hanyar shiga. Wanda ya sayar da katangar bulo ya zo hamada yana gina ta tsakuwa.

Ƴan taronmu motoci wajen 60 ne, duk ƙirar kamfani ɗaya, an yi da'ira da su an bar fili a tsakiya da murhun wuta. Wasu shekara goma suna haɗuwa a nan, a sauran watanni kuma kowa na wata jiha. Da safe kofi, sannan karatu. Karatu na gaske, da allo da tambayoyi: yau batir, gobe yoyon rufi, jibi taya. A darasin taya na koyi abin da babana bai taɓa gaya mini ba, cewa a jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna sati da shekarar da aka ƙera ta, kuma su in ta kai shekara shida ko bakwai canza ta suke yi ko da zanenta bai cinye ba, wai rana ta riga ta ci ta daga ciki. Na tuna tayoyin da ke isowa tasharmu daga Kwatano a matsayin sababbi, na gane inda wasunsu suka yi ƙuruciya. Tsofaffin mata kuma hirarsu ta haƙori ce, ana haɗa mota a gangara Los Algodones, wani ɗan gari na Meziko bayan Yuma, inda gyaran haƙori da magani suka fi araha nesa ba kusa ba. Mutanen ƙasar da ta fi kowa kuɗi ke nan.

Ƙarfe huɗu kowa ya fito da kujerarsa. Da magariba kuma kowace mota ta kawo tukunya ɗaya a jera a kan tebur. Ciyayya ce tsaf, irin ta ƙofar gidan mai unguwa, sai dai nan maza da mata tare. Wata tsohuwa da ta ji ba na cin alade, kullum ita ke zagayawa tana manna ƴar takarda a kan kwanon da ya halatta gare ni. Rana ta uku na dafa shinkafa da wake, na fito da yajin da mahaifiyata ta daka mini. Na gargaɗe su. Ba su ji ba. Wani tsohon soja ya share hawaye ya ce a ƙaro.

Inda na yi suna shi ne wajen ruwa. Lita 150 ga mutum uku, in ta ƙare sai an naɗe komai an tuƙa gidan gaba ɗaya zuwa layin famfo. Don haka kowa a nan ya san lissafin ruwa, wasu kuwa sai da suka haura shekara 65 suka fara sanin nawa wanka ke ci. Baba ya tashi a gaban jama'a ya ce yaronsa na wanka da lita uku ya fito fes. Ba su yarda ba. Sai ga ni tsaye tsakiyar da'ira da buta da moɗa, da kayana a jiki dai, ina nuna wa tsofaffin injiniyoyi abin da kowane yaro ɗan shekara bakwai ya iya a unguwarmu, inda ake auna rana da yawan jarkar da mai garuwa ya kawo. Suka tafa. Wata ta rubuta a littafi. Na yi dariya tare da su, amma da na hau gadona da dare abin ya tsaya mini a wuya, ban san ko alfahari ba ne ko wani abu daban.

Wurin juye tanki kuma wata makaranta ce. Layi ake yi tun safe. A gabanmu akwai wata mota kamar bas ɗin Yamai, baƙa wul tana sheƙi, bangonta na buɗewa gefe da gefe ya zama falo, tana jan wata ƙaramar mota a baya. Irinsu akwai waɗanda kuɗinsu ya haura dalar Amurka dubu 500. Da layi ya zo kansa, mai ita ya fito, ya sa safar roba, ya durƙusa, ya haɗa tiyo da hannunsa, ya tsaya yana kallon ƙazantarsa na wucewa. Na yi ta ƙoƙarin hango wani Alhajin garinmu a wurin, hoton ya ƙi fitowa.

Can hayin wata busasshiyar ƙorama akwai wasu irin mutanen. Su ba su da falo. Ƙananan motocin kaya, tsofaffin motocin iyali da aka cire kujerun baya aka shimfiɗa katifa, wasu ma ƙaramar mota ce kawai da labule a gilashi. Su ma suna da nasu taron a Quartzsite duk Janairu, wanda wani dattijo Bob Wells ya assasa, kuma a kansu aka yi fim ɗin Nomadland da ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Talakawan da Baba ya ce in jira in gani ke nan.

Duk kwanakin nan wayata ba ta huta ba. Ɗan kawuna da ke Greensboro, inda ƴan Nijar suke da yawa, kullum maganarsa ɗaya: "Kai dai kada ka yi wauta. In sitaj ya ƙare ka hau bas ka taho. Biza ta mutu ta mutu, nan akwai aiki. Wata shida ka rufa wa Baba ɗakunan nan." Mahaifiyata kuwa ba ta taɓa roƙona komai ba. Sai dai a ƙarshen saƙon murya, bayan gaisuwar kowa da kowa, ta ce daminar bara ta ɗan taɓa bangon ɗakin gabas, amma ba komai.

Rana ta huɗu famfon motar ya fara tari, Baba ya bi wani maƙwabci zuwa babbar rumfa neman kayan gyara. Ya bar ni da Inna tana zaune a kujerarta a ƙofar mota, da bargo a cinya. Rana ta faɗi, na shimfiɗa darduma a bayan mota na yi magariba. Alƙiblar can arewa maso gabas take, har na baro ƙasar jikina bai saba ba. Ina sallamewa ɗan kawuna ya kira. Layin waya a Quartzsite da sanyi wahala gare shi, mutane sun fi ƙarfinsa, sai na taka zuwa wani ɗan tudu don in ji shi sosai. Muka yi ta ja-in-ja. Minti ashirin, ko da ɗan ɗori.

Na dawo na iske bargo a ƙasa, kujera ba kowa.

Na duba ciki, na duba ban ɗaki, na zagaya motar sau uku kamar wawa. Duhun hamada kun san shi, ba ya sallama. Sanyi ya fara sauka. Ko'ina ka juya farar mota ce mai kama da ta kusa da ita, ni mai cikakken hankali ma sai da na sa alama nake gane tamu. Ga ƙoramu masu zurfi, ga ƙaya, ga kukan diloli daga nesa. Da Baba ya iso na gaya masa, ina jiran duk abin da zai fito daga bakinsa. Ya dube ni, ya dubi kujerar, ya ce, "Ɗauko tocila."

Cikin minti goma da'irar nan ta tashi tsaye. Wani tsohon ɗan kwana-kwana ya raba mu kashi kashi, kowa da ɓangarensa. Aka fito da ƙananan motocin yashi, aka kunna fitilun manya duka, wata ta kira ƴan sanda, wata ta zauna a ƙofar motarmu ko Allah zai sa ta dawo da kanta. Ni aka ba ni wajen ƙorama. Ina tafe ina tuntuɓe ina kira, "Inna! Inna!" Na fi rabin awa a haka kafin abin ya faɗo mini: ai ita ba ta san wannan sunan ba. Ni na raɗa mata shi don kunyata, kuma duk safiya sabo ne a kunnenta. Na tsaya a tsakiyar yashi, na buɗe baki na kira matar da ta yi jika da ni da sunan yankanta, da iya ƙarfina. Har yau in na tuna sai in ji nauyin abin a harshe.

Kusan awa biyu aka yi. Can hayin ƙorama na hangi fitilun wata ƙaramar mota suna ƙiftawa ba tsayawa, na nufe su. Ƙofar gefe a buɗe, Inna na zaune a bakin katifa, an lulluɓe ta da babbar riga, da kofin shayi a hannu, tana karanta rubutun jikin gwangwanin wake da ƙarfi. Kusa da ita wata mata ce da za ta yi shekara 65. Ta ce ta gan ta tana tafiya ba takalmin kirki, ta kira ta ta zo, ita kuma ta ɗauke ta ƙanwarta ce. Ta ga lambar waya a abin hannunta, ta yi ta kira layi ya ƙi shiga, kuma ba ta yarda ta bar ta ita kaɗai ta tafi neman mutane ba. Shi ne ta kunna fitilu ta zauna jira, ko da batir zai mutu.

Kafin su Baba su iso mun ɗan yi hira. Gidanta ya tafi bayan rikicin bashin gidaje na 2008, jinyar mijinta ta cinye sauran. Yanzu shekararta a rabe take kamar ta makiyayi: da kaka aikin girbin gwozar sukari a Dakota ta Arewa, kafin Kirsimeti ɗaukar kaya a manyan rumbunan ƴan kasuwar intanet, da bazara gadin wuraren shaƙatawa a daji, da sanyi nan. Ban ɗakinta bokiti ne mai murfi. Na yi tambayar da duk Bahaushe zai yi, na ce ba ta da ƴaƴa ne? Ta ce tana da ɗa, yana da ɗaki ma da ya ce ta zo, ita ce ba ta son zama kaya a wuyan kowa. A raina na ce a garinmu ɗan nan ba zai iya shiga masallacin unguwa ba don kunya. Sai kuma na tuna tsofaffin matan da ke zaune bakin tasha da ƙoƙo, su ma ai wani ya haife su, wasu kuma sun haifa. Na bar zancen.

Da dare, bayan Inna ta yi barci, muka zauna ni da Baba a bakin wuta. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ba kai ba ne, yaro. Wanga shi ne na ukku. Biyun hwarko ban gaya ma ɗiyata ba."

Ya daɗe bai ƙara magana ba. Sannan ya ce a ƙauyen da ya zauna akwai wata tsohuwa da hankalinta ya tafi haka. Ba wanda ya kulle ta. Takan fita ta yi ta yawo, duk yaron da ya gan ta a bakin gona sai ya kama hannunta ya maido ta gida, duk gidan da ta shiga a ba ta fura. "Shi nike nema," in ji shi. "Shekara hamsin ina nema. Nan kaɗai na samu mai kama da shi, shi ko sati biyu ne a shekara." Ya tambaye ni ko ya gaya wa ƴarsa. Na ce, "Baba, ni yaro ne." Ya ce ya sani, amsa dai yake so. Na ce in da uwata ce, zan so a gaya mini.

Washegari ya ce akwai wanda zan gaisar kafin mu tafi. Ya kai ni maƙabartar garin. A ciki akwai wani kabari da aka gina kamar ƙaramar dalar Masar da duwatsun wurin, a ƙolinsa hoton raƙumi na ƙarfe. Mai kabarin sunansa Haji Ali, mutumin ƙasar Sham. A shekarun 1850 sojan Amurka suka sayo raƙuma sama da 70 daga ƙasashen daular Usmaniyya don su gwada su a hamadarsu, aka ɗauko shi cikin masu kula da su. A 1857 yana cikin ayarin da ya auna hanya har kogin Colorado. Yaƙin basasa ya tashi a 1861, aka watsar da shirin, aka yi gwanjon wasu raƙuman, wasu suka bi daji. Shi bai koma gida ba. Ya yi jigila, ya yi haƙar ma'adinai, ya rasu a nan a 1902, kuma a 1935 jihar Arizona ta gina masa wannan alama. Sojojin sun kasa faɗin sunansa suka mai da shi Hi Jolly, da shi kuma garin ke tunawa da shi har gobe, har a allon shiga gari raƙuma ne.

Na cire takalmi na karanta masa Fatiha. Baba na tsaye baya da hula a hannu, Inna na karanta allon da ƙarfi. Mutum ya zo aikin ɗan lokaci ya yi shekara sama da 40. Ba zan yi muku ƙaryar cewa a wurin na yanke shawara ba. Na ƙara wata huɗu ina juya maganar ɗan kawuna, kuma in za a bi gaskiya, tsoron a kama ni ya yi aiki daidai da duk wani tunani mai kyau da na yi.

Ranar Lahadi da'ira ta watse. Kafin azahar an naɗe rumfuna, an ɗaga tsani, ana rungumar juna ana cewa sai baɗi, kowa kuma ya san a shekarunsu ba duka ne za su cika alkawarin ba. Abin da ya rage a filin sai toka da layukan tsakuwa.

Na dawo gida a watan Yuni da abin da na tara daga kuɗin sitaj. Ya isa tol na ɗaki ɗaya, na gabas. Ɗayan yana nan yana jira. Baba kan aiko mini da saƙon murya lokaci lokaci, da Hausarsa ta Tasawa. Ya gaya wa ƴar. Inna na wani gidan kula da tsofaffi a Minnesota, shi kuma ya ajiye motar a wani fili kusa, kullum da safe yana zuwa ya ba ta abinci. Bai ce mini komai kan abin da zai yi in ƙanƙara ta sauko ba, ni ma ban tambaya ba.

Da na nuna wa babana hotunan, ya sa tabarau ya riƙe wayar nesa da fuska. Ya tambayi injin, ya tambayi mai, ya tambayi taya nawa ne a baya. Da na ce masa gidansu suka sayar, ya yi tsaki ya ce Allah ya kyauta. Ya ce to in ɗayansu ya cika a hanya, wane gari ake kai shi? Na ce ban tambaya ba. Ya ci gaba da turawa da yatsa har ya zo kan hoton gadon nan na sama, wanda ke bisa kan direba, da ƴar tagarsa da labule. Ya ce in ƙara masa girma. Ya daɗe yana kallo.

"Nan ka kwana?"

Na ce e, Baba.

"Ana iya kulle shi daga ciki?"

Na ce ana iyawa.

Ya miƙo mini wayar, ya tashi ya shiga ɗakinsa mai tol ya ɗauko tsohuwar tabarmar da bargon, ya fito tsakar gida ya shimfiɗa inda ya saba.